Wanda ya ba ni 1, don Allah ya fito mu gaisa

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Sakamakon gasar hoto ta "Hunturu" ya fito, ina taya waɗanda suka ci murna, musamman mai hoton rumbunan nan da hazo ya lulluɓe, ya cancanta. Amma ina da magana. Hotona na mai shayi da asuba ya tashi da maki 5.4 cikin 10. Ban ce dole sai na zo na ɗaya ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, da aka saki jadawalin ƙuri'u na ga mutum uku sun ba ni 1, biyu sun ba ni 2, kuma duk su biyar babu wanda ya rubuta ko harafi ɗaya, alhali ga gurbin tsokaci nan a ƙarƙashin kowane hoto. 1 fa shi ne ƙarshen ƙasa, makin wanda wayarsa ta ɗauki cikin aljihu bisa kuskure. Me kuka gani? Ba faɗa nake nema ba, wallahi so nake na ƙaru.

Mai Hoton Biki: Wa alaikumus salam. Duk wanda ya ce "ba faɗa nake nema ba", to ku gyara zama.

Ɗan Fagge: Yaya, da gaske nake.

Mai Hoton Biki: Na sani ƙanena, tsokanarka nake. Amma bari na faɗa maka tawa. Hotuna 52 aka turo wannan wata. Mutum ya dawo daga aiki, ga gajiya, ga cajin waya saura kaɗan, ga data tana zuba, ya daure ya duba hoto 52 ɗaya bayan ɗaya, sannan kuma ka ce sai ya yi maka insha'i? Ƙuri'a ra'ayi ce. Ranar zaɓe babu wanda yake tsayar da kai a bakin akwati ya ce sai ka bayyana dalilin da ya sa ba ka dangwala wa wane ba.

Malamin Lissafi: Kafin muhawarar ta yi nisa, ku ba ni dama na sa lissafi a ciki, tunda ni nake taya admin haɗa makin. Mutum 40 suka jefa wa hoton Ɗan Fagge ƙuri'a, jimillar maki 216, shi ne ya ba da 5.4. In aka cire masu 1 ɗin nan uku, saura maki 213 a hannun mutum 37, wato 5.76. In aka haɗa da masu 2 aka zubar, 209 a raba wa 35, bai kai 6 ba. Wanda ya zo na ɗaya 7.1 ya samu. Malam Ɗan Fagge, ba mutum biyar ɗin nan ne suka kayar da kai ba. Tarin jama'ar da suka duba suka ce "to, ba laifi" suka danna 5 ko 6 suka wuce, su ne. Su ma kuwa ba su rubuta maka komai ba, amma ban ji kana cigiyarsu ba.

Ɗan Fagge: Malam, 5 ba ta zafi. 1 mari ce.

Malamin Lissafi: Haka ne, ni dai lissafi na kawo. Amma don kada a ce na wanke masu 1 tas, ga ɗaya gefen. A zaure mai ƙuri'a 40, mutum ɗaya da ya kamata ya ba da 7 in ya ba da 1, ya sauke matsakaicin hoto da 0.15. Tazarar na biyu da na uku a wannan watan ba ta kai haka ba. Kuma mu da muke shiga gasar mu ne dai muke jefa ƙuri'a. Ban zargi kowa ba, amma wanda ya ga hoton da zai sha gabansa, ƙofar a buɗe take.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum. Ni abin da ni gani, ba mu ma daidaita kan ma'anar lambobin ba. Mu nan Nijar tun hiramare bisa 20 aka ba mu maki, wanda ya samu 10 ya tsira, 14 kuwa sai a yi ta yi maka barka. Shi ya sa in na ba hoto 5 bisa 10, wurina na ce ya wuce ke nan. Wani kuwa in an ba shi 5 sai ya kwana bai ci tuwo ba.

Malamin Lissafi: Gaskiyarka. Mu ma a jami'o'inmu 70 ita ce A. Ni in na ba hoto 7, na cire masa hula ne. Ban tuna ranar da na danna 10 ba.

Mai Hoton Biki: Allah ya kiyashe mu da ƙuri'ar malaman makaranta.

Baba Mai Studiyo: Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne yake rubuta min, ku yi haƙuri da tsawon magana. Lokacin da muka koyi wannan sana'a fim muke sawa, hoto 36 a nadi guda, ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an shiga ɗakin wanki. Maigidana ba ya ba da maki. Zai ɗaga hoton yana ɗigar ruwa, ya sa yatsa a wuri guda ya ce "wannan sandar da ta tsiro a kan amarya, kai ka shuka ta?" Sai ka ji kamar ƙasa ta tsage, amma har ka mutu ba za ka ƙara tsayar da mutum a gaban turken lantarki ba. Ku da kuke zuwa musabaƙar Alƙur'ani kun san yadda ake yi: yaro yana karatu, da ya kauce alƙali zai buga ƙararrawa a daidai wurin, yaron ya san ayar da ya yi tuntuɓe. Da a ce shiru za a yi masa har ya sauka sannan a ce ya faɗi, da me zai koma gida ya gyara? Saboda haka ina bayan yaron nan. Amma ina da tambaya gare shi. Waɗanda suka ba ka 9 suka rubuta "masha Allah", me ka koya a wurinsu?

Ɗan Fagge: Allah ya ƙara girma Baba. Gaskiya ban koyi komai ba, daɗi dai na ji.

Baba Mai Studiyo: Yauwa.

Ɗalibar Wiki: Bari na kawo yadda wasu suke yi, don ba mu muka fara wannan rigimar ba. Akwai shafin gasar hoto na DPChallenge da aka buɗe tun 2002, tsarinsu kusan irin namu ne: maki 1 zuwa 10, ana ɓoye sunan mai hoto har a gama zaɓe, kuma in ba ka jefa ƙuri'a a kan aƙalla kashi 20 cikin 100 na hotunan ba, ba a lissafa naka. A ƙa'idojinsu sun nemi duk wanda ya ba da 3 ko ƙasa da haka ya bar gyara mai amfani, amma a matsayin abin da ya kamata, ba su ɗaure kowa ba. A Wikimedia Commons kuma, rumbun hotunan da Wikipedia ke amfani da su, wurin zaɓen fitattun hotuna, babu ɓoyo ko kaɗan. Kwana 9 ake yi, kowa da sunansa a jikin ƙuri'arsa, hoto ba ya wucewa sai ya samu goyon bayan mutum 7 da rinjayen biyu bisa uku, wanda ya ƙi kuma ana sa ran ya faɗi dalili. Za ka ga an rubuta maka ƙiri-ƙiri cewa ginin ya karkace, ko farin ya ƙone, ko gefen hagu ya yi dishi-dishi. Da zafi, amma kana fita da abin yi. Sannan suna da gasar wata-wata wadda babu ma damar hukunta kowa: hoto uku kawai za ka zaɓa, na ɗaya da na biyu da na uku, sauran ka wuce su shiru.

Mai Hoton Biki: To ku ji abin da zai faru in aka ce dole. Yau a ce duk mai ba da 3 zuwa ƙasa sai ya rubuta dalili, gobe babu wanda zai ƙara ba da 3. Kowa zai tsaya a 4 don ya huta. Wanda ya daure kuma zai rubuta "bai yi ba" ya wuce. An cika ƙa'ida, mai hoto bai ƙaru da komai ba, kuma an lalata ma'aunin, don hoton aljihu da hoton da ya ɗan gaza duk sun zama 4.

Bazazzagiya: Na daɗe ina karantawa ina tunanin ko na yi magana. Malam Ɗan Fagge, ɗaya daga cikin 2 ɗin nan tawa ce.

Mai Hoton Biki: Tirƙashi.

Bazazzagiya: Hasken ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Yadda fitilar ta bugi tururin da ke tashi daga butar, da hannun mai shayin a sama yana sheƙa shi daga kofi zuwa kofi, da jerin gwangwanayen madara da burodi a leda, duk sun zauna. Amma a kusurwar dama ta ƙasa akwai yaro a tsugune, ya cusa hannayensa cikin riga, robar bara a gabansa, leɓensa a fashe, yana kallon kyamara kai tsaye. Idona a kansa ya tsaya, ya ƙi komawa kan shayin. Na tambayi kaina, an nemi izinin yaron nan? Malaminsa ko iyayensa sun san fuskarsa tana yawo a wayoyin mutane ana ba ta maki? Raina bai kwanta ba, na danna 2.

Ɗan Fagge: Hajiya, da girmanki, wannan ba adalci ba ne. Hunturu aka ce. Wa hunturu yake duka a garin nan in ba irin yaron nan ba? So kike na goge shi don hoto ya yi tsabta? Kuma na saya masa shayi da burodi kafin na tafi, mai shayin shaida ne. Ke kin taɓa fita da asuba cikin sanyin nan ɗaukar hoto, ko daga kan kujera ake ba da 2?

Uwar Biyu: To ga shi nan. Jama'a ku duba da kyau. Malam, da bakinka ka ce ba faɗa kake nema ba, so kake ka ƙaru. Baiwar Allah ta fito ta gaya maka dalili cikin mutunci, har da yabo a gaba, amsarka ita ce ko ta taɓa fita da asuba. Wannan shi ne dalilin da ya sa gurbin tsokacin yake zama fanko. Ni a gasar "Kasuwa" na rubuta wa wani cewa ya cika wa hotonsa kala har tumatir ya koma kamar garwashi. Ban san yadda ya gane ni ce ba, sai ga shi ya biyo ni ta saƙon sirri da dare, wai wace irin kyamara nake riƙewa da zan gyara masa, wai na turo nawa ya gani. Washegari ya ƙara da muryar minti huɗu. Tun daga ranar lamba kawai nake dannawa. Ku maza kuna iya cacar baki ku haɗu a majalisa ku sha shayi, mu kuwa baƙon namiji a saƙon sirri ba ƙaramin abu ba ne, wata ma a gidanta zai zame mata magana.

Baba Mai Studiyo: Ɗan Fagge, ka ba ta haƙuri.

Ɗan Fagge: Hajiya ki yi haƙuri da maganar kujera. Amma a kan yaron ina nan a kan bakana.

Bazazzagiya: Ya wuce. Ni ma ban ce ka goge shi ba. Da ka matsa taku biyu hagu, da bayansa za ka samu, ga robar, ga hannayen cikin riga, sanyin duk yana nan, fuskar ce kawai ba ta fito ba. Shayi da burodi sadaka ce, Allah ya ba da lada, amma ba ita ce izini ba.

Ɗalibar Wiki: Anti, ina tare da ke a kan yaron, amma ban tare da ke a kan 2 ɗin. Abu biyu ne aka haɗa. In ana ganin hoto ya taka ƙa'ida, admin ake kai wa ya bincika, ba a maki ake ramawa ba. A DPChallenge ɗin da na ambata haka suka rubuta: kada ka rage wa hoto maki don kana zargin ya karya doka, ka jefa ƙuri'arka kamar yana kan daidai, ka kai rahoto. Dalili kuwa, kai mai zargi ba ka san abin da ya faru a wurin ba. Da a ce ƙanensa ne ya sa wa tsohuwar riga fa?

Bazazzagiya: Wace ƙa'idar zan kai ƙara da ita? Buɗe dokokin zauren nan ki nuna min inda aka ambaci hoton yara. Babu. Makin shi ne kaɗai bakin da aka ba ni. Kuma ni a wurina kyan hoto bai rabu da yadda aka samo shi ba.

Ɗalibar Wiki: Na duba, babu kam.

Ɗan Maraɗi: To ga aiki ya samu admin.

Na Bakin Tasha: Tunda ana fitowa, ni ma ga ni. 1 na ba shi kuma ko gobe aka sake 1 zan ba shi. Ni ban ga yaro ba, ban ga tururi ba. Baƙi na gani da ɗigon haske a tsakiya.

Malamin Lissafi: A ina ka duba?

Na Bakin Tasha: A wayata mana, a wurin aiki, wajen azahar.

Malamin Lissafi: Hoton asuba, a tsakar rana, a bakin titi, ƙila ma an rage hasken fuskar waya don tattalin caji. Kuma na tabbata wanda aka turo zaure ka duba, ba na cikin fom ɗin zaɓe ba. WhatsApp yana matse hoto in ba a matsayin fayil aka turo shi ba, kuma wuraren duhu su suka fi shan wahala, su dunƙule su zama tabo-tabo. Hotunan hazo ma haka suka sha a wannan watan, wasu sun ɗauka idon kyamara ne ba a goge ba.

Na Bakin Tasha: Wannan kuma ba matsalata ba ce Malam. Mai hoto ya san a waya za mu kalla. Duk zauren nan mutum nawa ne suke da kwamfuta? In ka yi hoto don masu babban allo a ɗaki mai labule, ka kai musu can. Wanda ya ci gasar ai a wannan wayar tawa na gan shi, kuma 9 na ba shi.

Mai Hoton Biki: Maganarsa da ɗaci amma akwai gaskiya. Ni amaren da nake wa aiki babu wadda take duba hotonta a kwamfuta. In na gama gyara sai na tura wa tsohuwar wayata na fita tsakar gida na duba. In fuska ta nutse, na koma na ɗaga hasken.

Ɗan Fagge: Ka ga wannan, da ka rubuta min "ya yi duhu a wayata", kalma biyar, da tuni na san inda zan taɓa. Abin da nake roƙo ke nan tun farko.

Na Bakin Tasha: Da na rubuta da ka tambaye ni ko na taɓa fita da asuba.

Uwar Biyu: Hhhhh. Allah ya shirye ka.

Baba Mai Studiyo: A ƙara min wannan. Gyara ma iyawa ne. Ka faɗi abin da idonka ya gani a hoton, kada ka faɗi abin da kake zato game da mai shi. "Sararin sama ya ƙone" gyara ne. "Ba ka iya ba" zagi ne. Kuma ku daina wannan ɗabi'a ta sa hoton gasa a sitatus kafin a rufe zaɓe ana "a taya mu da addu'a". Mun san addu'ar da ake nufi. Wanda ya tara 'yan unguwarsu suka zuba masa 10 ba shi da bakin kuka da mai 1, duk ɓarna ɗaya suka yi wa ma'auni.

Ɗan Maraɗi: Baba ya taɓo inda ke ciwo. Kara ita ka kashe mu. Ka gane hoton abokinka, kunya ta hana ka ba shi 4, sai ka huce bisa wanda ba ka sani ba.

Malamin Lissafi: Akwai maganin wannan da ba ya buƙatar wa'azi. A gasar tsalle cikin ruwa ta Olamfik, alƙalai 7 ne ke ba mutum maki, a zubar da biyu mafi sama da biyu mafi ƙasa, a yi aiki da uku na tsakiya. Mu ma za mu iya zubar da biyu ta kowane gefe. Mai ƙeta ɗaya ko masoyi ɗaya ba zai iya juya sakamako ba.

Ɗalibar Wiki: Ko a daina nuna jadawalin gaba ɗaya. YouTube ma tun Nuwamban 2021 suka ɓoye adadin waɗanda suka danna "ban so", sun ce saboda taron dangi da ake yi wa masu ƙananan tashoshi.

Mai Hoton Biki: A'a, kar a ɓoye. Ranar da aka daina nuna jadawali, ranar za a fara cewa admin yana murɗiya.

Admin: Na karanta duka, na gode wa kowa. Ga abin da za mu gwada na wata biyu, in bai yi ba mu sake zama. Daga 3 zuwa ƙasa fom zai nuna maka zaɓi ka taɓa ɗaya: duhu ko haske ya yi yawa, bai fita sosai ba, tsari, gyaran ya wuce kima, bai dace da jigo ba, ko wani dalili. Taɓawa ɗaya ce, ba insha'i ba, kuma babu sunan kowa a jiki. Za mu zubar da maki biyu na sama da biyu na ƙasa kamar yadda Malam ya kawo. Za a rubuta a saman fom cewa 5 tana nufin hoto ya yi daidai, ba faɗuwa ba ce. Duk wanda ya bi wani ta saƙon sirri a kan tsokaci, a turo min shaida, zai huta gasa biyu. Wanda ya sa hotonsa a sitatus kafin a rufe zaɓe, an cire hoton. Maganar hoton yara kuma ba zan yanke ni kaɗai ba. Hajiya Bazazzagiya da Malam Ɗan Fagge, ku biyu nake so ku rubuto mana daftarin ƙa'idar kafin Juma'a, a nan cikin zaure inda kowa zai gani.

Ɗan Fagge: Ni da ita?

Admin: Kai da ita.

Mai Hoton Biki: Ni dai na faɗa, ku sa ido a jadawalin wata mai zuwa ku ƙirga 4.

Na Bakin Tasha: Admin, a cikin zaɓin nan a ƙara "ban ga komai ba".

Bazazzagiya: Malam Ɗan Fagge, ka fara rubuta naka ka turo, zan duba bayan isha'i in yara sun kwanta.